Shekarar da Na Auna Hannun Baba Nomau

Kun taso kuna jin ana cewa digirina na biyu ya ci mini shekara uku maimakon biyu, kuma kowa da dalilin da yake kawowa. Wasu abokan aikina sun ce Farfesa ne ba ya ƙaunata. Mahaifiyarku Rabi, idan baƙi sun tambaya, sai ta ce ciwon ido ne ya kwantar da ni. Allah ya saka mata da alheri, amma idona ƙalau yake a wannan shekarar. Kun kuma taso kuna ganin Baffanku Lawali zaune a gefen buhunan albasar wasu a kasuwar Gusau, har kuna zaton tun asali sana'arsa ke nan. Ba ita ce ba. Maganar digirin da maganar Baffanku magana ɗaya ce, kuma tun da ya riga mu gidan gaskiya bai taɓa buɗe baki ya gaya muku ba, ya zama wajibi a kaina in faɗa da kaina kafin wani ya gyara mini ita.

A lokacin na haura arba'in, ina aiki a wani ofishin ruwa a Gusau, muna zaune a gidan nan na Damba da ku manyan kuke tunawa. Aikina duba rijiyoyin burtsatse da sauraron koken mutanen da famfonsu ya ƙafe. Sai aka fara raɗe-raɗin za a ƙara wa mutum ɗaya girma a sashenmu, amma sai mai digiri na biyu. Ba zan yi muku ƙarya in ce kishin al'umma ne kaɗai ya mayar da ni aji da furfura a gemu ba, kujerar nake so. Sai dai akwai wani abu da ya daɗe yana cina. Duk lokacin da na je ƙauyenmu, can bayan Karakkai, kakarku Inna sai ta ɗauko igiyar guga ta nuna mini inda aka yi mata sabon ƙulli.

"Sani, kai da anka ce kana aikin ruwa, mi yas sami rijiyarmu? Bana ma sai da munka ƙara igiya."

Ni kuwa a duniya babu abin da na tsana irin a tambaye ni in rasa ta cewa. Da jami'a ta ɗauke ni karatun kula da muhalli da tattalin ruwa yadda zai ɗore, aka ce kowa ya zaɓi abin da zai bincika, ban ko yi dogon tunani ba. Na ce zan gano ko ruwan rijiyoyinmu sauka yake yi tun da injinan ban ruwa suka cika fadama, in kuwa sauka yake, da nawa. Malamin da aka ba shi duba aikina, wanda kowa ke kira Farfesa, dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce tambayar ta yi kyau, amma auna zurfin ruwa na yau abu ne mai sauƙi, a jefa tef ɗin awo a karanta. Na jiya fa? Babu ofishin da ya taɓa rubuta zurfin rijiyar ƙauye lokacin da aka haƙa ta. Ya ce in nemo wanda ya sani, in ba haka ba in canja tambaya.

Na san wanda ya sani. Baba Nomau tsoho ne a ƙauyenmu, ɗan ƙaramin mutum, wanda idan yana tafiya cikin dawa ba a ganin ko hularsa. Shi da wansa Dogo, wanda ya rasu tun ina makarantar kwana, su suka haƙa kusan duk rijiyoyin yankinmu, kuma da rani sukan ɗauki kayan aikinsu su tafi ci-rani har wajen Bilbis ta ƙasar Tsafe. Tsohon ya manta sunayen jikokinsa, amma bai manta rijiya ko ɗaya ba. Ka ambaci rijiya, zai gaya maka a zamanin wane mai unguwa aka haƙa ta, irin ƙasar da suka ratsa, da gaba nawa aka yi kafin a taɓa ruwa. Ku da kuka taso da mita ba lallai ku san gaba ba. Mutum ne zai miƙa hannayensa biyu iya miƙawa, to daga kan yatsan wannan hannu zuwa kan yatsan wancan shi ne gaba ɗaya, haka ake bin igiya ana ƙirgawa. Na yi bazara guda ina zarya, in zauna da shi a gindin tsamiyar ƙofar gidansa in rubuta, sannan in hau babur in nemo rijiyar in jefa tef. Har Bilbis na je na kwana biyu a gidan wani mai shago, lokacin hanya ba ta zama abin tsoro ba.

A nan ne na yi wayon da na fi alfahari da shi a duk rayuwata ta karatu. Littattafai sun ba gaba tsawo guda tsayayye, sauran ɗalibai da shi za su yi aiki. Ni na ce a'a, hannun mutane ba ɗaya ba ne, gaba na gajere ba zai zo daidai da na dogo ba. Wata rana da hantsi na ce wa tsohon ya tashi tsaye.

"Baba, miƙa hannunka duka biyu, iya ƙarfinka."

Ya miƙa yana murmushi, na auna har sau uku, na rubuta. Ya tambaye ni ko zan auna wuya ma, na yi dariya na ce ba sai an auna wuya ba. Da na kai wa Farfesa wannan dabara, ya ɗaga takardata a gaban 'yan ajinmu ya ce su ga yadda ake haɗa ilimin mutanen karkara da na zamani. Ranar ban san yadda na iso Damba ba don daɗi. Na ba mahaifiyarku labarin sau biyu kafin ta sauke tukunya, ta ce ta ji tun a karon farko.

Da damina na zauna na yi lissafi, abin da ya fito ya tayar mini da hankali, ya kuma faranta mini rai, Allah ya yafe mini. Ruwa ya sauka ƙwarai. Rijiyar yamma ta ƙauyenmu, wadda duk gari ke sha, Baba Nomau ya ce a gaba takwas suka sami ruwa. Da na juya takwas ɗin da tsawon hannunsa na gwada da abin da tef ya ba ni, sai na ga ruwan ya yi ƙasa da fiye da gaba biyu. Idan aka ci gaba a haka, rijiyar za ta ƙafe muna raye. Lambunan da suka fi kusa da ita guda uku ne, babba a cikinsu kuwa na Yaya Lawali ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya bar makaranta ya riƙe gonar mahaifinmu don ni in yi karatu. Shekara da shekaru yana tara abin da ya samu har ya sayi inji, kuma albasarsa ce ke ciyar da gidansa da Inna.

Mahaifiyarku ta ce in bari sai an gama jarrabawa, manya sun duba, kafin in kai maganar gida.

"Malam, takarda ba ta ruɓewa. Ka bari su waɗanda sunka hi ka su sa hannu tukuna."

Na ce ruwa ba zai jira sa hannu ba. Gaskiyar magana, so nake in tsaya a gaban mutanen da suka san ni ina yawo ba wando in nuna musu abin da karatu ya yi. Bayan kaka, ranar wata Juma'a da aka sauko daga masallaci, na roƙi mai unguwa ya tara magidanta a zaurensa. Na buɗe takardu, na zana musu rijiya da fadama a ƙasa da tsinke, na ce injinan nan uku suna shanye ruwan da matanmu ke ɗiba. Yaya Lawali yana zaune a bakin ƙofa, ya riga ya yi dashen albasa kwana goma sha da suka wuce, kowa ya sani. Bai ɗaga murya ba.

"Sani, ka tabbata?"

"Yaya, ba ji nij ji ba. Aunawa niy yi."

"To."

Abin da ya ce ke nan. Mai unguwa ya yi shawara da dattawa, aka yanke cewa injinan uku su tsaya har ruwan sama ya sauka. Sauran biyun suka yi ta ƙorafi, ɗaya ma ya riƙa tayar da nasa a ɓoye. Yaya Lawali kuwa a ranar ya kwance injinsa ya ɗauko shi a ka ya ajiye a zauren gida. Daga baya na ji abin da ya gaya wa Inna, cewa in ƙanensa ya faɗi magana a gaban jama'a, ba shi zai fara ƙaryata shi ba. Ya koma ban ruwa da guga, shi da iyalinsa, daga asuba har rana ta take. Lambun da inji ke shayarwa ba ya shayuwa da hannu. Albasar ta fara ƙwai ta tsaya, ganyen ya yi rawaya, abin da ya tsira bai cika buhu nawa ba. Kafin bazara ya sayar da injin don a sami hatsi. Ni ina Gusau ina gyara babi na huɗu, idan tausayinsa ya taso mini sai in ce wa kaina gaskiya dama ɗaci gare ta, kuma gari ya fi mutum ɗaya. Inna ta daina nuna mini igiya, ta daina tambayata komai sai lafiyar yara.

Saura mako uku in kare kundina a gaban malamai, na ce ya kamata in yi wa Baba Nomau godiya, in kuma ɗauki hotonsa in sa a ciki. Na sayi goro da yadin shadda fara, na same shi a gindin tsamiya yana tufka igiya. Da ya ga yadin, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi, ashe rigar ta iso! Amma ɗan nan, ba a ɗinka ta ba? To awon da kay yi mani bara hwa?"

Na yi dariya har da hawaye. Na ce ai ba awon riga ba ne, awon gaba ne, don in san tsawon igiyar da yake aunawa. Na miƙa masa igiyar da ke hannunsa na ce ya nuna mini yadda yake bin ta yana ƙirgawa, in ɗauki hoto. Ya dube ni, ya dubi igiyar.

"Ni? Ai ni ban taɓa auna igiya ba."

"Kamar yaya, Baba? Gaba takwas ɗin hwa?"

"Takwas na, babu ko shakka. Amma ni ina can ƙasa cikin rami da diga, ruwa ya taɓa mani ƙahwa in yi kira. Wa ka auna igiya in ba wanda ad da ita a sama ba? Dogo ka aunawa. Shi ka hwaɗi, ni ka riƙewa a kai. Ni don ina ƙarami anka sa ni shiga rami, shi rami ba ya ɗaukarshi."

Na tuna Dogo. Ina yaro nakan gan shi yana sunkuyawa kafin ya shiga zauren mai unguwa, kuma ba don girmamawa ba. Kafin tsohon ya rufe baki na riga na san abin da ya faru, amma na ƙi yarda sai da na zauna a kan tushen tsamiya na ciro wani ambulan na wasiƙa daga aljihu na yi lissafi a bayansa. Tsakanin hannun ɗan ƙaramin mutum da na ƙato irin Dogo za a sami kusan kamu guda a kowace gaba. Kamu takwas a rijiya ɗaya. Ke nan tun ranar da aka haƙa ta rijiyar tana da zurfi fiye da yadda na rubuta, kuma saukar da na yi ta yi wa mutane ihu a kanta yawancinta ba a rijiya take ba, a takardata take. Ruwan ya sauka, Inna ba ta yi ƙarya ba, amma da wuya ya kai gaba ɗaya. Tsohon yana ta shafa shaddar yana sa mini albarka.

Ban biya ta gidanmu ba, kunya ta hana ni. Na hau babur na kamo hanyar Bungudu, kuma a kan hanyar nan Shaiɗan ya hau bayana ya yi mini hira mai daɗi har Gusau. Wa ya sani? Dogo yana kabari. Baba Nomau ba ya karatu, kuma shi a wurinsa maganar riga ce. Farfesa ya riga ya yaba, wanda za a gayyato daga wata jami'a ya yi mini tambayoyi bai taɓa jin sunan Karakkai ba. Albasar ta riga ta mutu, faɗin gaskiya ba zai tayar da ita ba. Mako uku kawai, in karɓi takarda, in hau kujera, sannan in saya wa Yaya sabon inji in ce kyauta ce. Ina so ku sani cewa wannan shawarar ba ta zo mini da baƙar fuska ba, har na fara ganin ta kamar taimako. Na iso gida bayan la'asar na tarar da mahaifiyarku tana tsince shinkafa a faranti. Na zauna a kan turmi na ba ta labari duka, har da shawarar. Ba ta ɗago kai ba sai da na gama.

"To ka sai mashi injin. Ran da zai tada shi, mi za ka ce ma mai unguwa? Ruwan ya dawo?"

Ta yar da tsakuwar da ta tsinto, ta ƙara da cewa:

"Ni dai, Malam, in kay yi shiru ban tona ka. Amma kak ka ce in tai ƙauye bukin digiri in zauna kusa da matar Yaya Lawali in ci shinkahwa. Wannan ban iyawa."

Ta ci gaba da tsintarta. Na ji haushinta ƙwarai a wannan yammacin, na fita ban ci abinci ba, na yi ta zagaya unguwa har aka kira magariba. Haushin na mutumin da aka gaya wa abin da ya riga ya sani ne.

Da safe na tafi jami'a na sami Farfesa. Na zata zai yi faɗa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga, sannan ya ce laifin namu ne mu biyu, don shi ma bai tambayi wanda ke riƙe da igiya ba. Ya ce ba gyaran shafi ɗaya ba ne, ginshiƙin aikin ne ya karye. Sai an nemo tsawon hannun Dogo ta hanyar da za a iya kare ta, sai an sake bin rijiyoyin a wata bazarar, sai an duba wasu dalilan da na tsallake don na riga na kama ɓarawona. Shekara guda ke nan, in Allah ya yarda. Ya tambaye ni ko na san abin da hakan ke nufi a wurin aikina, na ce na sani. Kafin damina ta tsaya aka ba wani yaro da ni na koya masa aiki kujerar, kuma a ƙarƙashinsa na yi ritaya. Mutumin kirki ne, bai taɓa wulaƙanta ni ba, amma kada wani ya ce muku abin bai yi mini ciwo ba. Ya yi, shekaru.

Yaya Lawali a lokacin ya fara zuwa kasuwar Gusau yana sayar wa wasu albasa ana ba shi lada. A can na same shi, na tsuguna a gefen buhu na gaya masa komai da murya ƙasa-ƙasa. Ya saurara yana ɓare bawon wata albasa da farce.

"Ba a kasuwa kac ce na shanye ruwan gari ba, Sani. Inda kah hwaɗe ta, can za ka maishe ta."

Juma'ar da ta biyo na tsaya a zauren nan, a wurin da na tsaya a da, ba takarda ko ɗaya a hannuna. Na ce na yi kuskure, na faɗi irin kuskuren, na ce injinan uku ba su ne suka yi abin da na ɗora musu ba, na nemi gafarar masu su. Baba Nomau, wanda sai a ranar ya fahimci abin da ya faru, ya ba da labarin rigar, zauren ya fashe da dariya. Daga ranar aka sa mini Tela, shi ya sa kuke jin tsofaffin ƙauye suna kirana haka, ba don na taɓa riƙe almakashi ba. Dariyar ba ta dame ni ba, har sauƙi na ji. Abin da ya dame ni shi ne Yaya bai yi dariya ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya bari na gama, ya tashi ya sa takalmansa ya fita.

Bari in tsallaka in gaya muku yadda aikin ya ƙare, sannan in dawo. Da na sake yin aikin, na gano ruwan yana sauka a hankali, injina suna da nasu kason, amma sare itatuwan bakin rafi da kwasar yashi ma suna da nasu. Shawarar da na bayar ita ce masu lambu su raba kwanaki, kowa da ranar tayar da injinsa, ba a hana kowa ba. Da ita na sami digirin, kuma an daɗe ana bin ta. Da a ce ita na fara kawowa, da babu albasar da ta mutu. Yaya Lawali bai koma lambu ba har ya bar duniya. Na kai masa sabon inji har gida, ya yi godiya, ya sa aka kai wa maƙwabcinsa. Ya ce shi da fadama sun yi sallama.

To, na dawo. Bayan zaman zaure na rasa yadda zan sami tsawon hannun mamaci. Na koma wurin Baba Nomau ko akwai tsohuwar igiya ko wata riga ta Dogo. Ya ce babu, amma me zan yi da riga alhali mai irin hannunsa yana raye?

"Tai wurin yayanka. Lawali da Dogo in sunka miƙa hannu, ko yatsa babu tsakani. Sun sha gwadawa muna dariya. Ran da Dogo ba ya jin daɗi, Lawali ka auna muna igiya."

Na yi mako biyu ina ɗaga tafiyar. Ranar da na je, na tarar da shi a zauren gida da hantsi yana gyaran ƙotar fartanya, a daidai wurin da injin ya taɓa zama. Muka gaisa kamar baƙi. Na faɗi abin da ya kawo ni, kaina a ƙasa. Ya ajiye fartanyar.

"Kowa garin ga ya san Dogo ka auna igiya. Ni kaina rani biyu niy yi ina ja mashi igiya, lokacin kana makaranta. Da ka nuna mani yadda kay yi lissahin nan, ko sau guda, da na hwaɗa maka tun ba ka rubuta ba."

"Ban nuna maka ba, Yaya."

"Ba ka nuna mani ba. Ka ɗauka ban ganewa."

Haka ne kuwa. Na bi tsoho har gindin tsamiya, na je Bilbis, na zauna a gaban Farfesa, amma mutumin da gonarsa ke cikin haɗari, wanda muka sha nono ɗaya, ban taɓa buɗe masa takarda ba, saboda ya tsaya a aji huɗu, kuma don ni ya tsaya. Hawaye suka zubo mini, ni da 'ya'ya biyar, ban iya tare su ba. Sai ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya fito tsakar gida inda akwai fili, ya tsaya ya buɗe hannayensa biyu iya buɗewa. Tafukan duk sun tsage da kantar guga. Na ciro tef, amma hannuna ba zai kai ƙarshe da ƙarshe ba, sai shi ya maƙale bakin tef ɗin tsakanin yatsunsa, na ja shi ta kan ƙirjinsa zuwa ɗaya hannun. Saboda hawaye lambobin suka ƙi tsayawa, na karanta na sake karantawa ban ga komai ba.

"Share idonka tukuna," in ji shi. "Kak ka yi sauri, Sani. Ina iya tsayawa."